Yadinka Yana Hannun Tela

Duk mai son ya ga yadda babban mutum yake ƙanƙan da kai, ya leƙa shagon tela a goman ƙarshe na watan azumi. Zai tarar da magidanci, irin wanda in ya yi gyaran murya a gida kowa ke shiga taitayinsa, zaune a kan benci yana kallon yaron da bai wuce sa'an ɗansa ba yana taka keke. An ce masa ya dawo jibi, ya dawo, an sake ce masa jibi. Shaddar da ya sayo a Kantin Kwari da kuɗi masu ciwo tana can cikin tulin kaya, an riga an sa mata almakashi amma ba a haɗa ta ba. Ransa a ɓace yake ƙwarai. Duk da haka, da tela ya ɗago kai ya saki wani barkwanci mara gishiri, shi ne zai riga kowa dariya. "Maigida, a dai taimaka, ko da daren Sallah ne." Kafin a kira magariba ya aika an sayo wa yaran shago ƙanƙara da ƙosai na buɗa-baki. In janareta ya tsaya, shi zai zaro kuɗin fetur ba tare da an roƙe shi ba.

Baƙon da bai san dawan garin ba zai ɗauka aminan juna ne. Wani lokaci shi kansa telan yakan yarda da haka, ya riƙa jin cewa shi mai farin jini ne, hirarsa daɗi gare ta. Bayan Sallah ake gane gaskiya. Mutumin nan zai karɓi kayansa, ya biya cikon kuɗi, in sun haɗu a hanya ya ɗaga hannu daga nesa ya wuce. Ƙosai da dariya duk na shaddar ne. Da ba a yanka ta ba, da tun a jibin farko ya ɗauke abarsa ya kai wani shagon.

Wannan zaman benci nake tunawa duk lokacin da aka tayar da maganar malami da ɗalibinsa baligi, wani ya ce, "To ai ba yara ba ne, kowa ya san abin da yake yi." Gaskiya ne, ba yara ba ne. A jami'o'inmu da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha akwai matan aure masu goyo, akwai ma'aikatan gwamnati masu karatun ƙarshen mako, akwai masu neman digiri na biyu da na uku da furfura ta fara leƙo musu. A Kano tun 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, aka kafa hukumar ilimin manya, kuma azuzuwan yaƙi da jahilci dama na dattawa ne da iyaye mata. Ga Islamiyyun matan aure a kusan kowace unguwa, ga makarantun koyon kwamfuta da na tuƙin mota. Amma shekarun ɗalibi ba sa rage komai daga abin da yake hannun malami. Magidancin da ke kan benci ma ai ba yaro ba ne.

Abin da ke hannun malami kuwa ya fi shadda tsada nesa ba kusa ba. A yawancin jami'o'inmu maki 30 ko 40 cikin 100 na gwaji ne da aikin gida, kuma malamin kwas ne kaɗai ya san yadda ya raba su. Ragowar na jarrabawa ne: shi ya tsara tambayoyin, shi zai duba takardun, shi zai miƙa sakamako. Tsakanin 39 da 40 maki ɗaya ne tak, amma ga ɗan ajin ƙarshe wannan maki ɗayan shekara ce cur. Sabon kuɗin rajista, sabon kuɗin haya, abokan karatu sun tafi bautar ƙasa shi yana nan yana maimaita kwas da ƙannensa. Macen da mijinta ya yarje mata shekara huɗu da ƙyar, bayan an kai ruwa rana da dangi, ƙila ba za ta samu ta biyar ba. Mai rubuta kundin kammala karatu kuwa kacokan yana hannun mutum guda. In mai duba kundin bai sa hannu ba, babu zancen tsayawa a kare shi, ko da an shekara uku ana kai babi ana dawowa da shi.

Ɓarna ba ta farawa da babbar magana. Ɗaliba ta kawo babi na biyu ofis da hantsi, malam ya ce yau taro ya yi masa yawa, ta dawo bayan la'asar. Bayan la'asar sashe ya watse, masinja ya tashi, ba kowa a baranda. Ya karɓi takardun ya ajiye gefe ko buɗewa bai yi ba, ya ce, "Hajiya, ya maigida? Yana dai kula mana da ke ko?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiya lau, Malam." Ya ce ta turo masa sauran ta WhatsApp. Da ƙarfe sha ɗaya na dare saƙo ya shigo, babu gyaran babi a ciki, sai tambayar ko ta yi barci. Ta daɗe tana kallon wayar. In ta yi shiru, gobe da wace fuska zai karɓe ta? In ta amsa, ta ba shi ƙofa. In ta nuna wa miji, karatu ya ƙare a daren nan. Sai ta rubuta, "A'a Malam, gyaran da ka ba ni nake dubawa," ta liƙa 'yar fuskar murmushi don kada maganar ta yi kaushi. Shi kuma can ya ga murmushin, ya ce a ransa ashe ita ma tana so.

Kuskuren telan nan ne sak, sai dai wannan ya fi muni. Mai riƙe da makin mutum ba shi da hanyar da zai tantance ko fara'ar da ake yi masa tasa ce ko ta makin ce. Ko ya rantse da Alƙur'ani cewa bai taɓa niyyar kayar da ita ba, ita ba ta san haka ba, kuma da abin da take tsoro take aiki. Don haka nauyin tsare iyaka a wuyan malami yake, ko da ɗalibar ta girme shi, ko da ita ta fara murmushin.

Mun ga inda irin wannan hanya take kaiwa. A 2018 wata ɗalibar digiri na biyu a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ta naɗi muryar malaminta, Farfesa Richard Akindele, yana neman ta ba shi kanta kafin ya ɗaga mata maki. Muryar ta bazu, jami'a ta kore shi, hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ta gurfanar da shi, ya amsa laifinsa, a watan Disamba na shekarar Babbar Kotun Tarayya da ke Osogbo ta ɗaure shi shekara biyu. A Oktoban 2019 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya fitar da wani fim da aka ɗauka a ɓoye a Jami'ar Legas da Jami'ar Ghana, inda 'yan jarida mata suka shiga ofisoshin malamai da sunan ɗalibai. Kiki Mordi, wadda ta gabatar da shirin, ta ce ita kanta irin wannan matsin ne ya raba ta da jami'a. Wanda ya kalli fim ɗin zai tuna yadda abin yake somawa: a murza wa ƙofa makulli, a miƙo abin sha, a shiga tambayoyin da ba su haɗa hanya da karatu ba. Jami'ar Legas ta dakatar da malamai biyu, daga baya a 2021 ta sallame su. A Agustan 2023 kuma ɗaliban shari'a mata na Jami'ar Kalaba suka fito da kwalaye a kan shugaban tsangayarsu, har aka dakatar da shi. Kada wani ya ce ai wannan halin Kudu ne. Bambancinmu da su shi ne a nan shirun ya fi kauri. Budurwar da ta yi magana tana jin tsoron manema su watse, matar aure tana jin tsoron takardar saki, iyaye kuma abin da za su fara cewa shi ne a rufa asiri.

A Yulin 2020 Majalisar Dattawa ta amince da wani ƙuduri da Sanata Ovie Omo-Agege ya gabatar, mai tanadin ɗaurin da zai iya kai shekara 14 ga malamin babbar makaranta da ya nemi ɗalibarsa da lalata. Wani sashe na ƙudurin ya fi yawan shekarun muhimmanci a wurina: malami ba zai kare kansa da cewa ɗalibar ta yarda ba, kariyar da aka bar masa ita ce in akwai aure tsakaninsu. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta soki ƙudurin a zaman jin ra'ayin jama'a, ta ce an ware malaman manyan makarantu an yi musu doka su kaɗai, alhali cin zarafi yana ko'ina. Ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya, kuma da an faɗaɗa dokar ta kama manajan banki da daraktan ma'aikata da na fi murna. Amma kasancewar wasu ma suna yi bai wanke mai alli ba. Shugaba Buhari dai ya sauka a 2023 bai sa wa ƙudurin hannu ba. Wasu jami'o'in waje ba su jira majalisa ba. Harvard a Amurka ta haramta soyayya tsakanin malamai da ɗaliban digirin farko a 2015, Oxford a Ingila kuma a 2023 ta haramta ta tsakanin ma'aikaci da duk ɗalibin da ke ƙarƙashin kulawarsa. Ƙasashe ne da baligai ke zaman dadiro ba mai ce musu uffan, amma da aka zo kan mai ba da maki da mai karɓa sai suka ce a'a.

Sai dai tela ba ya aiki daga nesa. Dole ya san faɗin kafaɗa da tsawon hannu, in ba haka ba ya ɗinka maka buhu. Koyarwa ma haka take. Malamin da ba a ganinsa sai a aji, yana amsa gaisuwa da ƙyar, ba ya sauraron kowa wai don kada a zarge shi, ya tsira da mutuncinsa amma ya bar aikin da ake biyansa dominsa. Wanda ya daɗe rabonsa da aji ya dawo karatu da girmansa ma ya fi bukatar a zauna da shi, a maimaita masa, a ƙarfafa masa gwiwa. Telolin kirki sun daɗe da warware wannan. In mace ce, sai a ce ta aiko da tsohuwar rigarta wadda ta yi mata daidai, a ɗauki awo a jikinta. Ko a kira yarinyar da ke koyon aiki ta riƙe tef, shi yana gefe yana rubuta lamba a littafi. Ƙofar shago a buɗe take tana kallon titi, yara suna ciki, keke yana ƙara. Ba wanda ya taɓa cewa telan nan bai yarda da kansa ba ne shi ya sa yake haka. Wannan tsarin ne ya sa miji yake barin matarsa ta je, ita ma take zuwa hankali kwance, shi ma sunansa bai taɓa shiga bakin 'yan tsegumi ba.

Na malami bai fi wannan wuya ba. Ƙofar ofis a buɗe in ɗalibi yana ciki, mace ce ko namiji. A liƙa ranaku da sa'o'in ganin ɗalibai a jikin ƙofa, a kuma riƙe su, don kada ganin malam ya zama alfarmar da ake roƙo. Masu kundi a tara su rana ɗaya, kowa ya ji gyaran da aka yi wa ɗan'uwansa, wanda ma ya fi amfani a karatun. Sanarwa ta bi ta zauren WhatsApp na aji, abin da ya shafi mutum ɗaya kuma a rubuta shi da rana, a tsaya a kan babi da shafi. Ba gida, ba otal, ba "same ni a wuri kaza." Har rage hanya ma tana da ladabi: in ruwa ya tsuge ka tarar da ɗalibai a bakin get, ka ɗauki uku ko ka ba su na adaidaita, kada ka zaɓi ɗaya. Mai koyar da kwamfuta yana iya nuna inda za a danna da baki ko da biro, ba sai ya sunkuyo ya ɗora hannunsa a kan nata ba. Mai koyar da tuƙi ya bar mata ta zo da ƙani ko ƙawa a kujerar baya, ya kuma bar bin hanyar bayan gari. Addini ya riga ya hana kaɗaicewar namiji da macen da ba muharramarsa ba, kuma bai cire mai digiri uku ko mai rawani ba. Wanda ya fi saurin cewa "ai ni uba nake a wurinta" shi na fi so ya bar ƙofarsa a buɗe.

Akwai kuma zancen ƙyalle, wanda ba a cika ɗaukarsa laifi ba. Ka kai yadi goma, babbar riga da 'yar ciki da wando suka ci tara, ina ragowar? Wani telan zai ninke ya sa maka a leda. Wani kuma zai ga ai ɗan kaɗan ne, ya ɗinka wa ɗansa 'yar shara, ranar idi ka gani a jikin yaron kunya ta hana ka magana. Ƙyallen ɗalibi shi ne lokacinsa da aljihunsa da guminsa. "Wane, ɗan karɓi makullin nan ka ɗauko min yara daga makaranta." "Ka zo a daidai, mota ba mai." Ga handawut da aka ce ba dole ba ne, amma wakilin aji yana rubuta sunan duk wanda ya saya. Ga kuɗin abinci da lemo da 'yar ambulan ranar kare kundi. Ga binciken da ɗalibi ya sha rana a ƙauyuka ya tattaro, ya buɗe mujalla ya gan shi da sunan malam a gaba, nasa a baya ko ma babu. Maza sun fi shan wannan, kuma ba mai kiransa cin zarafi. Za ka ji ɗalibin da kansa yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai ba komai, aikinmu ne." Mai yadi ne yake magana.

Za a ce hidimta wa malami al'adarmu ce, neman albarka ne. Haka ne, a zaure. Almajirin ilimi yakan taya malaminsa noma, ya kai masa zakka da goron Sallah, ba wanda ya ga aibi, domin malamin zaure ba albashi yake ɗauka ba, ba kuma maki yake rabawa ba, in ka ga dama gobe ka ɗauki littafinka ka koma wani zauren. Ko a can ma magabata sun ja kunne. Imam Nawawi, a cikin littafinsa Attibyan, ya gargaɗi mai koyar da Alƙur'ani kada ya sa rai da wani amfani daga masu karatu a wurinsa, na kuɗi ne ko na hidima, ko da ya zo da sunan kyautar da ba don karatun ba da ba a kawo ta ba. Ɗaliban hadisi kuma sun san labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani abu ya ce wannan kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mimbari ya yi tsawa a kan haka, ya nuna cewa da mutum yana zaune a gidan iyayensa ba wanda zai bi shi da kyautar. Ma'aunin ke nan. Buhun shinkafar da ya iso gidan malam ana saura mako biyu jarrabawa, da malam ya yi ritaya zai san hanyar gidan? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ba kullum mai yadi ne abin tausayi ba. Akwai babban mutumin da zai faka mota ana jibi Sallah, ya aje gezna da kuɗin ɗinki ninki biyu, ya ce gobe da yamma yake so. Tela ya ture kayan malamin firamare da na marayun da suka yi wata guda a layi, ya kwana a kan na mai kuɗi. A azuzuwan manya wannan ba baƙon abu ba ne. Honarabul ko darakta ya yi rajistar digiri na biyu, ba a ga ƙeyarsa a aji ba sai ana gab da jarrabawa. Yana kiran matashin lakcara "ƙanena," yana tambayarsa ko akwai wani nasa da ke neman aiki, ko yana da sha'awar Umara bana. Akwai kuma ɗalibai mata da su ne ke kai kansu ofis da shirinsu, wannan ba ƙage ba ne, malamai da yawa sun gani. Kuma kowa ya san halin da malaman jami'a suka shiga a 2022, lokacin da yajin aiki ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka riƙe albashinsu. Mai iyali da aka riƙe wa albashi in an miƙo masa ambulan, ƙin karɓa jarumta ce. Duk na yarda. Amma almakashin a hannun wa yake? Ɗalibin da ya yi tayi aka ƙi, abin da ya samu kawai shi ne makin da ya cancanta. Malamin da ya karɓa kuwa ya zalunci mutum na uku da ba ya cikin ɗakin: yarinyar da ta kwana tana karatu da fitilar waya, ba ta da kuɗi ba ta da kowa, da kuma majinyacin da wata rana zai kwanta a gaban mai takardar da aka saya.

Ƙin karɓa kuma ba sai an ci mutuncin dattijo ba. "Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma ka ga yanzu takardarka tana hannuna, in na karɓa na ɓata mana suna mu biyu." Mai hankali zai gane, kuma girman malamin ƙaruwa zai yi a idonsa.

Wuri ɗaya ne kwatancen ya gaza, kuma gazawar tasa ƙara wa maganar nauyi take yi. Shadda in ta lalace ana sayen wata, tela in ya ɓata maka baɗi ka canza shago. Ɗalibi ba shi ya zaɓi malamin kwas ba. Kwas ne na dole, mutum ɗaya ke koyar da shi shekara da shekaru, in ka faɗi baɗi shi za ka sake tararwa, kuma yanzu ya san fuskarka. In ka nemi a sake duba takardarka, sai ka biya kuɗi, ka rubuta takarda ta hannun shugaban sashe, wanda ƙila tare suke shan shayi da wanda kake ƙara. Shi ya sa kyawun halin malami kaɗai ba ya isa, dole makaranta ta buɗe wa ɗalibi wata ƙofar.

Sai maganar aure, wadda a ƙasar Hausa ba za a tsallake ta ba. Malamai da dama sun auri ɗalibansu, an zauna lafiya, an tara zuri'a. Ba haram ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Amma "ai aurenta zan yi" ta rufe ɓarna mai yawa. Wanda yake da gaske yana da hanya biyu. Ko ya danne zuciyarsa har zangon ya ƙare, sakamako ya fita, ko ya je wurin shugaban sashe ya faɗi niyyarsa, a miƙa takardunta da kundinta ga wani malamin, sannan ya tura magabatansa wurin nata. Abin dubawa shi ne, ranar da aka yi mata maganar, tana iya cewa a'a ta tashi ba ta yi asarar komai ba? In ba ta iya ba, ba neman aure aka yi ba, ko da an kai goro. Zangon karatu wata huɗu ne ko ƙasa da haka, kuma son da ba zai iya jiran wata huɗu ba abin tuhuma ne. Ita ma yarinyar a tausaya mata: muddin aka san malam yana zuwa zance wurinta, ko da guminta ta ci kwas ɗin ba ɗan ajin da zai yarda.

A Islamiyyun matan aure haɗarin yakan shigo ta wata kusurwa, ta hanyar tausayi. Mace ta tsaya bayan an tashi ta yi tambaya a kan hukunci, daga hukunci aka gangara kan abin da maigida ya yi jiya, da abin da kishiya ta ce. Malam ya saurara, ya yi nasiha, ya ba da lambar waya don in wani abu ya taso. Sannu a hankali ya zama shi ne mai jin kukan da miji ba ya ji. Malamin kirki yana amsa mas'ala a gaban aji ko a gaban wata malama, in abin ya zama rikicin gida ya mayar da ita ga waliyyanta ko wata dattijuwa. Abin da ya ji kuma ya mutu a cikinsa, kada ya zama abin hira a ɗakin malamai.

Abin da nake tsoro shi ne maganin da magidanta suka fi saurin kamawa, wato a cire mata daga makaranta. Labari ɗaya in ya ɓulla a unguwa, sai a wayi gari an ce wa mata da yawa su zauna a gida, mai laifin kuwa ya koma wata makarantar ya ci gaba. Gardamar tsohuwa ce. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soke shi a kan barin mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, wadda take cikin littafin Abdullahin, Tazyinul Waraƙat, kuma ma'anarta ita ce barin mata cikin jahilci ya fi muni. Ba a kore su ba, tsara zaman aka yi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta ƙara gaba da tsarin 'Yan Taru: a zaɓi dattijuwa mai hankali a naɗa ta jaji, a ba ta malfa, ta riƙa jagorantar matan ƙauyensu zuwa ɗaukar karatu, su koma su koyar da na gida. Mutanen da suka yi wannan kusan shekara ɗari biyu da suka wuce ba su da ɗakin taro ba su da kwamiti, amma sun gane cewa tsari ake gyarawa.

Don haka kirana ga shugabannin sassa da masu makarantu ne, tun daga jami'a har Islamiyyar lungu. Ku rubuta ƙa'idar a takarda, da Hausa in ta kama, ku raba wa malamai da ɗalibai ranar rajista, kowa ya san abin da aka hana game da kyauta da aike da waya da kulle ƙofa. Ku ware wurin kai ƙara da ba ya bi ta sashen wanda ake ƙara, ku sa mace mai mutunci a ciki. A duba takardun jarrabawa da lamba, wani malamin ya sake bin samfurinsu. Ɗalibin da ya nemi a canza masa mai duba kundi a saurare shi ba sai ya kawo shaidu huɗu ba. Malamin da aka yi wa ƙazafi shi ma wannan tsarin ne zai wanke shi. Wanda aka kama kuwa kada a ce ya ajiye aiki a asirce a ba shi takardar shaidar kyawun hali, domin wata makarantar zai nufa.

Ke kuma da saƙon ƙarfe sha ɗaya ya shigo wayarki, kada ki goge shi. Ki ɗauki hotonsa, ki rubuta rana da wurin da aka yi miki kowace magana, ki faɗa wa mutum ɗaya da kika amince da shi tun abin bai yi nisa ba. Hukumar ICPC tana karɓar irin wannan ƙara, don a wurinta cin amanar ofis ne. Abin da ya kai farfesan Ile-Ife kurkuku muryarsa ce da ɗalibar ta naɗa ta ajiye.